Ƙwarya ko Malafa: Tarihin Gardamar Fiffiken Jirgin Sama

Bahaushe ya san kalmar jirgi tun kafin ya san Bature. Jirgi shi ne abin da masu fito suke haye gulbi da shi, a ɗora mutane da kaya a tura da gora. Da layin dogo ya iso Kano a 1911 sai aka ara wa sabon abin tsohon suna, aka ce jirgin ƙasa, na asalin kuma aka ƙara masa bayani ya koma jirgin ruwa. Haka aka yi wa na sama da ya zo. Sunan ya zauna daram, sai dai yana ɓoye wani bambanci babba. Jirgin ruwa ko an ɗaure shi a mashigi yana nan bisa ruwa har gobe, domin ruwan ne ke tallafe da shi. Jirgin sama kuwa da zarar ya daina gudu sai ya nemi ƙasa. Ashe abin da ke riƙe da shi a sarari wani abu ne dabam, kuma sai da masana suka shafe fiye da shekara talatin suna kai ruwa rana kafin su daidaita a kan ko mene ne.

Jiragen farko da suka sauka a Kano guda uku ne na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, masu fiffike biyu sama da ƙasa, an yi su da katako an lulluɓe da yadi. Wani hafsa mai suna Arthur Coningham ya jagorance su. Sun tashi daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba 1925, suka biyo ta Khartum da El Fasher da Fort Lamy, wadda yau ake kira Njamena, da Maiduguri, suka sauka a filin sukuwa na Kano ranar 1 ga Nuwamba. Ana yawan ba da wannan labari. Abin da ba a cika haɗawa da shi ba shi ne, a daidai wannan lokaci malaman ƙasar da ta ƙera jiragen ba su daɗe da sauka daga kan kuskurensu game da yadda fiffike ke ɗaga jirgi ba. Littafin da ya kawo ƙarshen gardamar a harshen Ingilishi sai a shekarar da ta biyo, 1926, ya fito.

Mu da muke zaune a Bakori da Funtua da Malumfashi manoman auduga da masara ne, kuma mai karatu yana iya cewa ina ruwan biri da gada. To, alhazanmu a kan fiffike suke zuwa Makka. Makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce daga nan a mota. 'Ya'yanmu suna karanta kimiyya a sakandare, kuma bayanin da akasari ake ba su game da fiffike ba daidai ba ne. Tarihin wannan gardama yana nuna mana yadda abin da ido ya gani yake zama ilimin da wani zai iya aiki da shi, da kuma yadda amsa take canjawa idan aka canja tambaya.

Lissafin da ya ce ba za a tashi ba

Tsohon lissafi, wanda aka gina a kan tunanin Isaac Newton, ya ɗauki iska kamar tsakuwa ce ake watsa wa faifai: ta bugi ƙasansa ta tura shi. Idan aka bi wannan lissafi, ƙarfin da fiffike zai samu a ɗan karkacen da yake yi ƙanƙane ne ƙwarai, har wasu suka kafa hujja da shi cewa abin da ya fi iska nauyi ba zai taɓa tashi da mutum ba. A 1876 Lord Rayleigh na Ingila ya kawo gyara. Ya ce iska takan rabu a bakin faifan, ta bar matacciyar iska a bayansa. Lissafin ya yi kyau a takarda, amma abin da yake bayarwa kusan rubu'i ne kawai na ƙarfin da fiffike mai kyau ke samu. Dalili kuwa, iskar saman fiffike ba matacciya ba ce. Ita ce ma ta fi gudu, kuma tsotson da take yi wa fiffiken daga sama ya fi turin da ake yi masa daga ƙasa.

Su Wright, wa da ƙane masu sana'ar keke a Amurka, ba su jira malamai ba. A 1901 suka haɗa ɗan akwatin gwaji mai hura iska, suka gwada ƙananan fikafikai iri-iri, suka gane cewa dogo siriri ya fi gajere mai faɗi. Ranar 17 ga Disamba 1903 jirginsu ya tashi na daƙiƙa 12. Sun san abin da ke aiki, amma ba su da lissafin da zai faɗa musu dalili.

Rabin dalilin ya zo daga Martin Kutta a Jamus a 1902 da Nikolai Zhukovsky a Rasha a 1906. Suka ce: tunda iskar sama ta fi ta ƙasa gudu, a lissafce kamar an ɗauki iska mai wucewa kai tsaye ne an haɗa ta da wata mai kewaya fiffiken, tana tafiya baya ta sama, tana dawowa gaba ta ƙasa. Ƙarfin ɗagawa shi ne kaurin iska sau gudun jirgi sau ƙarfin wannan kewayawa. Lissafi ne mai tsafta. Matsalarsa ɗaya ce: ya ɗauka fiffiken ba shi da ƙarshe, ya miƙe daga gabas har yamma. Fiffiken gaske kuwa yana da baki biyu, kuma a bakin nan duk rigimar take.

Mutumin da ya gani amma ba a gane shi ba

Frederick Lanchester injiniya ne mai ƙera motoci a Birmingham. Tun a 1894 ya gabatar da tunaninsa a gaban wata ƙungiyar masana ta garin. Ya ce matsin iska a ƙarƙashin fiffike ya fi na samansa, saboda haka a bakin fiffiken iskar ƙasa za ta nemi ta zagayo ta hau sama. Da yake jirgin yana tafiya gaba, wannan zagayowa sai ta murɗe ta zama guguwa a kwance, ɗaya a kowane baki, suna bin jirgin a baya kamar igiya biyu. Tsakanin igiyoyin iska tana gangarawa ƙasa, a wajensu kuma tana hawa sama. Ya ƙara da cewa yin wannan guguwa yana cin ƙarfi, don haka ɗagawa ba kyauta ba ce.

Duk wanda ya taɓa ganin jirgin feshi, irin wanda ake turowa jihohin Arewa idan tsuntsaye jan-baki suka far wa shinkafa da gero, ya ga abin da Lanchester ya faɗa. Maganin da ya fito kusa da bakin fiffike yakan naɗe ya yi sama maimakon ya sauka a gona, shi ya sa masu haɗa kayan feshin ba sa kai bututun har ƙarshen fiffike. Haka nan a filin jirgi, idan babban jirgi ya tashi sai a sa ƙarami ya dakata minti biyu ko uku, don kada guguwar da babban ya bari ta kifar da shi.

A 1897 Lanchester ya aika da rubutunsa ga ƙungiyar masana kimiyyar Fiziks ta Landan, aka ƙi bugawa. Sai a 1907 ya fitar da littafinsa mai suna Aerodynamics. Littafin cike yake da gaskiya, amma ya rubuta shi da kalmomin da ya ƙirƙira da kansa, da zane-zane da misalai, ba da irin lissafin da malaman Cambridge suka saba da shi ba. Injiniya ba zai iya buɗe shi ya fitar da lamba ya ce ga tsawon fiffiken da zan yanka ba. Da gwamnatin Ingila ta kafa kwamitin ba da shawara kan harkar jiragen sama a 1909, Rayleigh ne shugaba, Lanchester yana cikin 'yan kwamiti, amma ra'insa ya zauna a gefe shekara da shekaru.

A 1908 ya ziyarci Gottingen a Jamus, inda ya haɗu da Ludwig Prandtl. Lanchester ba ya jin Jamusanci, Prandtl ba ya jin Ingilishi. Wani malamin lissafi na jami'ar, Carl Runge, shi ne ya tsaya tsakaninsu, kuma shi da matarsa suka fassara littafin zuwa Jamusanci.

Fiffike ya koma layi ɗaya

Prandtl ya zo Gottingen a 1904, ya tara ɗalibai irin su Albert Betz da Max Munk, ya gina bututun gwajin iska. Abin da ya yi wa matsalar fiffike, wanda ya buga a 1918 da 1919, dabara ce ta rage kaya. Ya ce a manta da kaurin fiffike da lanƙwasarsa da faɗinsa. A ɗauke shi gaba ɗaya a sa layi ɗaya tal a madadinsa, daga baki zuwa baki, a ce duk kewayawar iskar a jikin layin nan take. Daga nan aka samo sunan ra'in layin ɗagawa.

Tun 1858 Hermann von Helmholtz ya tabbatar da cewa zaren guguwa ba ya yankewa haka kawai a tsakiyar iska. Don haka idan zaren ya kai bakin fiffike dole ya karya kwana ya bi baya, ya yi siffar harafin U. Prandtl ya jera irin waɗannan zaruruwa masu yawa a kan juna, dogaye da gajeru, ta yadda tsakiyar fiffike ta fi tara su, baki kuma ya fi ƙaranci. Jelolinsu suka zama kamar tabarma da jirgin ke ja a baya. Tabarmar nan tana danna iska ƙasa a daidai inda fiffiken yake, saboda haka fiffiken kullum kamar yana hawan tudu ne a cikin iskar da ke gangarowa. Ƙarfin ɗagawar sai ya ɗan jingina baya, kuma wannan jinginar ita ce jan-bayan da injin zai biya. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Amfanin lissafin shi ne ya faɗi nawa ne kuɗin. Jirgi yana tsayawa a sama ne ta hanyar tura iska ƙasa. Yana iya tura iska mai yawa a hankali, ko kaɗan da ƙarfi, kuma na biyun ya fi cin mai nesa ba kusa ba. Dogon fiffike yana kama iska mai yawa. Idan nauyi da gudu ba su canja ba, aka ninka tsawon fiffike sau biyu, jan-bayan nan zai ragu zuwa rubu'i. Yana kuma tsananta ne idan jirgi yana tafiya a hankali, wato lokacin tashi da sauka. A manyan jiragen fasinja, ko a tsakiyar tafiya yakan kai kusan kashi 40 cikin ɗari na duk turjiyar da injin ke fama da ita.

A Gottingen an gwada fikafikai bakwai masu yanka iri ɗaya, daga wanda tsawonsa daidai yake da faɗinsa har wanda ya ninka faɗinsa sau bakwai. Sakamakonsu ya watse, kowa da nasa. Da aka bi da su ta cikin lissafin Prandtl sai suka taru kusan a kan layi guda. Wannan ne ya gamsar da injiniyoyi, domin yanzu gwaji ɗaya ya isa a san halin fikafikai goma. Lissafin ya bayyana wasu abubuwan ma. Tun 1914 Carl Wieselsberger, shi ma daga Gottingen, ya nuna dalilin da ya sa tsuntsaye masu doguwar tafiya suke jeruwa a karkace: kowanne yana hawa iskar da bakin fiffiken na gabansa ke tasowa.

Bayan yaƙin duniya na farko ilimin ya fita daga Jamus. Hukumar binciken jiragen sama ta Amurka ta buga bayanin Prandtl da Ingilishi, ta kuma ɗauki Munk aiki. A Ingila an yi ta turjiya, har sai da gwaje-gwajen da aka yi a tsakiyar shekarun 1920 suka auna kewayawar iskar kai tsaye. Hermann Glauert ya rubuta ɗan littafinsa na 1926, ya sauƙaƙa lissafin yadda ɗalibi zai iya yinsa da fensir. A 1927 Prandtl ya yi lacca a Landan, ya yaba wa Lanchester a kan rigayen da ya yi, ya kuma nuna cewa su a Jamus sun fahimci littafin ne saboda dama suna kan irin wannan hanya. Har yau Ingilawa suna haɗa sunayen biyu idan za su ambaci ra'in.

Ƙwarya

Da aka iya auna jan-baya, tambaya ta gaba ta zo da kanta: yaya za a raba nauyin jirgi a kan fiffike don a biya mafi ƙarancin kuɗi? Munk ya ba da amsa. Idan an ƙayyade tsawon fiffike, rabon da ya fi shi ne wanda zai sa iska ta gangara da gudu ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. In aka zana wannan rabo a takarda, siffarsa kamar ƙwaryar da aka kifa ce: tudu a tsakiya, cike har kusa da gefe, sannan ta faɗi tsaye a baki.

Wannan amsa ta zama karatun farko na kowane ɗalibin ƙirar jirgi. Shahararren jirgin yaƙin Ingila, Spitfire, wanda ya fara tashi a 1936, fiffikensa ma kansa siffar ƙwai aka yi masa, ko da yake neman wurin ajiye bindigogi da tayoyi a cikin siririn fiffike yana cikin dalilan. Irin wannan fiffike yana da wuyar ƙira da tsada. Lissafin Prandtl ɗin dai shi ya nuna cewa fiffike mai miƙaƙƙen gefe da ke sirancewa zuwa baki yana kusantar ƙwarya, bambancin 'yan kashi kaɗan ne cikin ɗari. Irinsa ne a jikin jiragen Hurricane da Blenheim da suka riƙa ratsawa ta Kano daga 1940, lokacin da ake sauke jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana, a haɗa su, a tuƙa su ta Ikko da Kano da Maiduguri da Khartum zuwa Masar.

Lissafin yana kuma faɗin inda fiffike zai fara gazawa idan matuƙi ya ɗaga hancin jirgi fiye da kima. Fiffike mai faɗi ɗaya daga gindi har baki yakan fara gazawa ne daga gindi, baki yana nan da ƙarfinsa, don haka matuƙi yana da sauran iko da jirgin. Shi ya sa ake son irinsa a jiragen koyo, kamar Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna wa sojan saman Nijeriya. An yarda a ƙara shan mai kaɗan don ran ɗalibi.

Malafa

A 1933 Prandtl ya koma kan tambayar, ya ga ashe akwai wata a ƙarƙashinta. Me ya sa aka ƙayyade tsawon fiffike tun farko? Abin da ke damun mai ƙira shi ne nauyin ƙarfen da zai riƙe fiffiken. Duk wanda ya ga reshen mangwaro ya tsage ya san cewa 'ya'yan da ke can ƙarshen reshe su ne ke karya shi daga gindi. Kaya a bakin fiffike haka yake: kilo ɗaya a can ya fi kilo ɗaya a tsakiya wahalar da gindi. Sai Prandtl ya ce, to a ƙayyade nauyin ginin, a saki tsawo.

Amsar ta fito dabam. Rabon da ya fi yanzu kamar malafa yake: tudu a tsakiya, sannan ya gangaro a hankali ya baje, ya ƙare ba tare da faɗuwa tsaye ba. Bakin fiffike kusan ba ya ɗaukar komai. Da ƙarfe daidai da na ƙwarya, fiffiken malafa yakan fi tsawo da kashi 22 cikin ɗari, jan-bayansa kuma ya ragu da kashi 11. Mutum ɗaya, lissafi ɗaya, amsa biyu, kuma kowacce daidai ce a kan tambayarta.

Takardar 1933 ba ta yi farin jini ba. Walter da Reimar Horten, wa da ƙane a Jamus, sun yi amfani da irin wannan rabo a jiragensu marasa jela, amma makarantu suka ci gaba da koyar da ƙwarya kaɗai. Sai a 2016 wani injiniyan hukumar NASA, Albion Bowers, tare da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin ƙananan jirage masu fiffiken malafa. Hujjarsu ita ce irin wannan fiffike yana iya karya kwana lami lafiya ba tare da tsayayyiyar jelar nan ta bayan jirgi ba, kuma a ganinsu wannan ne sirrin tsuntsaye. Ko mutum bai karɓi duk bayaninsu ba, abin da suka lura da shi gaskiya ne da kowa zai iya dubawa. Shamuwar da ke iso mana gab da damina ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, da shirwar da ke shawagi a kan mahauta, babu mai tsayayyiyar jela a cikinsu, kuma gashin bakin fiffikensu laushi gare shi, ba na ɗaukar kaya mai nauyi ba ne.

Jiragen fasinja na yau suna tsakanin ƙwarya da malafa, domin akwai sharaɗi na uku da Prandtl bai sa a lissafi ba, wato faɗin wurin tsayawa a filin jirgi. Wanda ba shi da damar ƙara tsawo sai ya lanƙwasa bakin fiffike sama, dabarar da Richard Whitcomb na NASA ya bayyana a 1976. Alhazan da suka hau Boeing 747-400 sun ga wannan ɗan tsayayyen kunne ta taga. Sabon Boeing 777X kuwa bakin fiffikensa naɗewa yake idan ya sauka, ya miƙe idan zai tashi.

Da kiɗa ya canja

Layin Prandtl yana da iyaka, kuma shi ma ya san da haka. Yana aiki ne idan fiffike miƙaƙƙe ne, tsawonsa ya ninka faɗinsa kamar sau huɗu ko fiye, gudun jirgi bai kusanci gudun sauti ba, hanci kuma bai ɗagu har iska ta saki saman fiffike ba. A 1935, a wani taro a Rum, Adolf Busemann ya kawo shawarar a karkatar da fiffike baya don jirage masu tsananin gudu. Da aka gwada sa layin Prandtl a karkace sai lissafin ya lalace, ya fara ba da lambobin da ba su da ma'ana.

Johannes Weissinger ne ya gyara a 1942, Amurkawa suka fassara aikinsa a 1947. Ya bar zaren guguwar a rubu'in faɗin fiffike daga gaba, amma ya ɗauke wurin awo ya mayar da shi baya, a kashi uku bisa huɗu na faɗin, bisa wata ƙa'ida ta Enrico Pistolesi ɗan Italiya. A nan ne ake tilasta sharaɗin cewa iska ba ta huda fiffike. Wannan 'yar tazara tsakanin zare da wurin awo ita ta dawo da faɗin fiffike cikin lissafi, bayan Prandtl ya jefar da shi. A 1943 V. M. Falkner a Ingila ya wuce nan, ya shimfiɗa zaruruwa a duk faɗin fiffiken kamar raga. Wannan hanya ta jira zuwan kwamfuta kafin ta yi tasiri. A shekarar 2000 kuma Phillips da Snyder na jami'ar jihar Utah suka sake fasalin layin Prandtl yadda kwamfuta za ta lissafa fiffike da jela tare, har da ɗan karkace.

Idan muka jera su, Lanchester ya ba da hoto ba tare da lamba ba. Prandtl na 1918 ya ba da lamba, da sharaɗin fiffike ya zama dogo miƙaƙƙe. Prandtl na 1933 ya nuna cewa abin da ka ɗaure shi ke zaɓa maka amsa. Weissinger ya karɓi karkataccen fiffike, ya biya da ƙarin aiki. Raga ta karɓi kowace siffa, amma ba ta bayyana dalili a fili yadda layi ɗaya yake yi. Shi ya sa har yau injiniya yakan fara da layin Prandtl a bayan takarda, don ya san ko abin da kwamfuta ta ba shi hankali zai ɗauka.

Rabonmu a ciki

Wannan ilimi ya riga ya shigo ƙasarmu a cikin ƙarfe. Jiragen leƙen asiri marasa matuƙi da sojan sama suka nuna a Kaduna, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018, sunayensu na Hausa ne, kuma irin jiragen da ke tafiya a hankali su daɗe a sama su ne ainihin inda lissafin 1918 ya fi cin kasuwa. Injinan iska 37 da aka kafa a Lambar Rimi kusa da Katsina don samar da megawat 10, kowane hannu nasu fiffike ne mai juyawa. Betz, ɗalibin Prandtl, shi ne ya nuna a 1920 cewa irin wannan inji ba zai iya kwasar fiye da kashi 59 cikin ɗari na ƙarfin iskar da ta ratsa shi ba.

Abin da bai shigo ba shi ne bayanin. A azuzuwa da yawa har yanzu ana ce wa yara iskar sama tana sauri ne don ta cim ma ta ƙasa a bayan fiffike, tunda hanyarta ta fi tsawo. Babu wata doka da ta ce sai sun haɗu, kuma gwaji da hayaƙi ya nuna ta sama tana riga ta ƙasa isa. Da bayanin gaskiya ne, jirgi ba zai iya tashi a kife ba, alhali jiragen wasa suna yi. Yaron da aka ba wannan bayani ba zai taɓa gane dalilin da ya sa tsawon fiffike yake da muhimmanci ba.

Masu basira kuwa ba mu rasa su ba. A 2007 jaridun duniya sun ba da labarin wani ɗalibin Fiziks a Kano da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da kayan tsofaffin motoci. A garuruwanmu ba a rasa matashin da ke yanka kwali da soso yana ɗaura musu ƙaramin inji. Yawancinsu a matsayin su Wright na 1901 suke, suna gwadawa suna faɗuwa suna sakewa. Abin da zai rage musu shekaru bai fi shafi biyu ba: cewa nauyi a raba da tsawon fiffike shi ne ke yanke yawan ƙarfin da za a kashe, cewa ninka tsawo yana mayar da jan-baya rubu'i, cewa kowane ƙarin tsawo sai gindi ya biya shi da ƙarfi, cewa fiffike mai faɗi ɗaya ya fi yafe wa mai koyo.

Shafi biyun nan babu su da Hausa. Lanchester ya yi shekara talatin yana riƙe da gaskiya a ƙasarsu, cikin harshensu, ba a amfana ba, saboda bai faɗe ta yadda masu aiki za su ɗauka ba. Sai da Runge ya fassara, Prandtl ya sa lamba, Glauert ya rubuta ɗan littafin da ɗalibi zai iya bi. Muna da injiniyoyi da matuƙa da suka fito daga Zariya da Kaduna suna jin Hausa kamar kowa, muna da malaman kimiyya a sakandaren Bakori da Funtua da Malumfashi, muna da marubuta. Aikin Runge da na Glauert shi ne ya rage, wato a zauna a daidaita kalmomi, a rubuta lissafin da misalan da yaro ya sani. Kalmomin da muka yi amfani da su a nan, layin ɗagawa da jan-baya da ƙwarya da malafa, tayi ne. Wanda yake da waɗanda suka fi su ya kawo.